Wa Ke Kayar da Umma?

Litinin, da hantsi

Har yanzu shiru. Tun kafin in wanke ido na buɗe shafin makarantar likitanci a waya, abin da ke gaban sunana bai motsa ba: ina cikin masu jira. Kashi na farko sun fita tun watan jiya babu ni. Mu sauran an ce mu dakata, in wani ya fasa karɓar gurbinsa a kira na bayansa. Wato zaune nake ina fatan ɗan wasu ya tuna da gawa ya ji tsoro ya ce ya fasa. Allah Ya yafe mini, amma fatan ke nan.

Yau sun ƙara wani zance a ƙasa. Duk mai son a ci gaba da lissafi da shi ya shiga ya tabbatar kafin wata ya ƙare, wanda bai yi ba an cire shi. Wuri ɗaya ne za a danna. Ban danna ba tukuna.

Tsari biyu na yi, don ni ba na son abu ya zo mini ba shiri. In ba a kira ni ba, in ci gaba da tsayuwa bayan kanta a kemis ɗin da nake aikin safe, in sake jarrabawa baɗi. Wannan ba wuya. In an kira ni kuwa, makarantar tafiyar yini guda ce daga nan, dole wani ya karɓi Umma.

Tun da ɓarin jikinta na dama ya shanye bara, ni ce hannunta, ni ce ƙafarta. Mu biyu ta haifa, ni da Yaya, Baba kuwa ya daɗe da rasuwa. Yaya namiji ne, ba shi zai yi mata wanka ba. Saura Anti, matarsa, wadda dama ita ke zuwa ta zauna da Umma in na tafi kemis. Zaman kawai take yi, ta ba ta ruwa, ta kunna mata rediyo. Gobe zan fara koya mata ɗagawa.

Talata, bayan azahar

Ɗaga Umma daga gado zuwa kujera ba ƙarfi ba ne, dabara ce. A zaunar da ita bakin gado, a tokare gwiwarta mara lafiya da gwiwa, ta dafa kafaɗar mutum da hannunta na hagu, a kama ta ta ƙugu, a miƙe tare, a juya tare. Ni ko ido a rufe zan yi. Na nuna wa Anti, na sake nunawa, na ce bismillah.

Ta matso, ta sunkuya, ta kama, sai ta saki. "Wash, Auta, bayana."

"Anti, ai ba ki ma ɗaga ba."

"To shi ne fa, tun ban ɗaga ba ya amsa."

Matar da na sha gani ta kinkimo jarkar ruwa biyu daga bakin titi ko nishi ba ta yi! Matar da ke tsayawa kan kitson mutane tun safe har yamma! Na dubi Umma don ta sa baki, sai na ga ita ma Antin take kallo, wani irin kallo da ban gane ba. Maganar Umma ta zama guntu-guntu tun ciwon, kalma ɗaya ko biyu, su ma sai da ja. Ta ce, "Bar ta."

Na bar ta. Amma ni ban yarda da ciwon bayan nan ba.

Laraba, da yamma

Shafi shiru.

An sake gwadawa, baya ya sake amsawa. Yau har da ƙari. Ina buɗe man da nake shafa wa Umma a kafaɗa, Anti ta toshe hanci da gefen mayafi ta fice tsakar gida, ina jin ta tana tofar da yawu. Ƙyamar uwar mijinta take yi, a gaban idona. Na haɗiye. Ba don alfarma nake nema wurinta ba, da ta ji abin da ke bakina.

Alhamis, da safe kafin in fita

In ba ta koya ba, ban tafi ba. Ta san haka sarai. Kuma wa ya fi ta hutawa in ban tafi ba?

Asabar, bayan la'asar

Mai kemis ya sallame ni da wuri saboda yana da tafiya. Na iso gida na tura ƙofar ɗakin Umma, na ji ta gam. An sa sakata ta ciki.

Tun da Umma ta kwanta ba a taɓa sa sakatar nan ba. Ni na kafa dokar da bakina, saboda in wani abu ya faru a iya shiga da gudu. Na ƙwanƙwasa. Sai na ji ana jan wani abu mai nauyi a ƙasa, ana raɗa, sannan muryar Anti: "Ina zuwa!" Zuwan nata ya ɗauki lokacin da mutum zai iya shanye kofin shayi mai zafi.

Ta buɗe tana murmushin da ya fi fuskarta girma. Umma na kan gado, gumi ya jiƙa mata wuya, ɗankwalinta ya karkace, ƙirjinta na hawa da sauka. Katifar da nake kwana a kanta a ƙasa, wadda na naɗe da safe na jingine a kusurwa, tana nan a kusurwar, amma ba naɗina ba ne. Ni ta faɗi nake naɗewa, wannan ta tsawo aka yi.

Na ce, "Me kuke yi da ƙofa a rufe?"

"Kaya nake canja mata."

Zanen da na ɗaura mata da safe shi ne a jikinta. Na dubi zanen, na dubi Anti. Ita ma ta dube shi, ta ce, "Ai wancan ɗin bai bushe ba, na mayar mata da wannan."

Na ce to. Na iya cewa to, ba ita kaɗai ta iya ba.

Lahadi, da hantsi

Wajen wanka na gani. A kwatangwalonta na dama, wuri kamar tafin hannu, jini ya kwanta ya yi baƙi. Soso ya suɓuce mini.

"Umma, me ya same ki nan?"

Ta ɗaga ido tana kallon silin kamar yau ta fara ganinsa.

"Umma."

"Gado," in ji ta.

Gado! Gadon da take kwance a kansa tun bara bai taɓa dukanta ba sai makon nan. Na durƙusa na kama hannunta mai lafiya na ce ta gaya mini gaskiya, ba wanda zai ji, ko wane ne ni zan tsaya mata. Ta zare hannun ta ce, "Ruwa. Sanyi." Wato in gama in bar ta.



Litinin, bayan na dawo

Na tambayi mai kemis kamar labarin wata nake bayarwa. Na ce wata ce ta zo neman man shafawa, wai tsohuwarsu mai shanyewar jiki ta tashi da baƙin tabo a kwatangwalo. Bai ɗago daga kwalayen da yake jerawa ba ya ce, "Ko ta faɗi, ko an yi mata riƙon ganganci. Kuma irinsu ba sa faɗa. Tsoro suke kar mai zuwa ya daina zuwa."

Sai ya juyo. "Likita, kin tabbatar wa makarantar kuwa? Wata ya yi nisa fa."

Na ce intanet ce ke ba ni wahala. Ya dubi wayata da ke kan kanta tana ta shigo da saƙonni, ya koma jera kwalayensa. Shi ma ya fara kallona da yawa.

Talata, da yamma

Shiru a shafi, shiru a gida, kowa sai murmushi.

Laraba, bayan la'asar

Yaya ya biyo daga wurin walda, da kayan aikinsa a jiki, hannu duk baƙi. Ya gaida Umma, ya zaro abin awo daga aljihu ya hau auna gadon: daga ƙasa zuwa katifa, daga gado zuwa kujera. Na ce lafiya? Ya ce ƙafar gadon ce ke rawa. Na kama gadon na girgiza da ƙarfina, ko gezau.

Na ja shi tsakar gida na gaya masa zancen tabon. Na zaci zai zabura. Ya sosa ƙeya ya ce, "To. Allah Ya sawwaƙe. Ki shafa mata magani."

Mutum a ce masa jikin uwarsa da tabo, ya ce to? Bai tambayi a ina ba, bai tambayi yaushe ba. Wanda bai tambaya ba ya riga ya sani. Ko dai matarsa ta gaya masa ta kayar da ita wajen gwada ɗagawa, ya ce a rufe, ko kuma abin ya fi haka. Ban son rubuta abin da ya fi haka.

Bayan ya tafi ina shara na ga simintin gaban gado ya kakkarce, layi-layi, sababbi fil. Kujerar Umma roba ce, ba ta karce siminti.

Alhamis, da rana

An kira wata da muka yi aji ɗaya, ita ma cikin masu jira take. Ta bugo tana ihu, na taya ta ihu, na kashe wayar na zauna bayan kanta ina kallon kwalaben maganin tari. Layi na motsi ke nan. Ana iya zuwa kaina ko yaushe, in ina cikinsa.

Ta ce, "Ke ma kin danna ai ko?" Na ce mata ga mai saye ya shigo.

Juma'a, da yamma

Na zama 'yar sanda a gidanmu. Kafin in fita na cusa wani zare ja cikin naɗin katifata, na ajiye takalmin Umma ɗaya yana kallon ƙofa ɗaya yana kallon bango. Na dawo na tarar zaren a ƙarƙashin gado, takalman a jere kamar na shago. Me ake yi da takalmin matar da ba ta taka ƙasa?

Kuma gwiwar hannunta ta hagu ta ƙuje. An shafa mata magani, an ja hannun riga an rufe. Hannun nan guda shi ya rage mata, da shi take cin abinci, da shi take jan carbi.

Na tambaye ta. Wannan karon ko gado ba ta ce ba, ta rufe ido wai barci.

Asabar, bayan magariba

Na yi abin da na yi, kuma ban yi nadama ba.

Yaya ya zo ɗaukar Anti a babur, na tsare su a tsakar gida. Na ce ina da tambaya, kuma a gabansa nake son amsa. Na lissafo: sakata, gumi, katifa, tabo, ƙujewa. Na ce, "Anti, ni na roƙe ki ki koyi ɗaga ta, kika ce bayanki. In ba kya so ki ce ba kya so. Amma ki rufe ƙofa da matar da ba ta iya ihu, ta fito da tabo, wannan ba zan gani in yi shiru ba. Me kike yi wa uwata?"

Yaya ya daka mini tsawa. "Auta! Ki iya bakinki!"

"Ba zan iya ba, Yaya. Kai ka iya naka ai, shi ya sa muke nan."

Na jira Anti ta yi kuka, ko ta yi rantsuwa, ko ta zage ni, kowanne da na san inda zan kama. Idonta ya kawo ruwa, ta buɗe baki, sai ta waiwaya ta dubi tagar ɗakin Umma ta rufe bakin. Ta gyara mayafi ta ce, "Sai da safe, Auta. Gobe Lahadi kina gida, jibi zan zo kamar kullum."

Kamar kullum! Wallahi ƙarfin halin nan ya fi komai ba ni tsoro.

Da na shiga ɗaki Umma ta juya mini baya. Ta ji komai. Na ce mata kar ta damu, na gama da zancen, ba mai sake taɓa ta. Ta bugi katifa da hannunta har sau biyu, abin da take yi in kalma ta ƙi fitowa. Na ɗauka tsoro ne bai sake ta ba.

Lahadi, da la'asar

Akwai tsari na uku. Shi ba sai na yi komai ba, wata zai ƙare da kansa ranar Juma'a.

Tun ina 'yar firamare nake ɗaure wa 'yar tsana hannu da tsumma. Ban san me ya sa na rubuta wannan ba.

Litinin, da rana

Na buga wa mai kemis waya na ce ba ni da lafiya. Anti ta zo ta same ni zaune daram a bakin gado, ta gaishe ni na amsa a daƙile, ta yi wanke-wanke ta tafi.

Umma ta yini tana hararata. Da na zo ɗaga ta zuwa kujera ta sanƙare jiki, ta ƙi dafa kafaɗata, sai da na yi da gaske. Ta ce, "Aiki."

Na ce, "Na ɗauki hutu, Umma."

"Aiki. Tafi."

Har sun sa ta tana tsoron a ce ita ta hana ni fita. Haka na fassara shi.

Talata, bayan azahar

Yau ma ban je ba. Ta ƙi cin abinci. Na kai cokali ta kau da kai, na kai kofi ta ture shi da bayan hannu, shayi ya zube a zanen gado. Umman da ko a ranakun farko na ciwon, lokacin da haɗiya ke mata wuya, ba ta taɓa mayar mini da cokali ba.

Na ce, "Ni ce fa, Umma. Ni ce Auta."

Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Na sani." Sannan ta nuna ƙofa.

Na fita bayan ɗaki na yi kuka mai isata. Abin ya yi mini ciwo fiye da yadda zan iya rubutawa. Na bar makaranta saboda ita, ba ta ma sani ba, ga shi tana korata saboda matar da ke ji mata rauni. Sai dai wajen share hawaye wani tunani ya zo mini. Mai tsoron mutum ba ya yajin cin abinci don a bar shi da shi. To me ke cikin ɗakin nan da take so haka?

Gobe zan tafi aiki. Haka zan ce musu.

Laraba, da yamma

Dole in rubuta wannan.

Na shirya, na ɗauki jaka, na yi sallama da ƙarfi don kowa ya ji, na buga ƙofar gida. Na zagaya ta lungun baya inda tankin ruwa yake, na tsaya jikin tagar ɗakin Umma. Labulen bai kai gefe ba, dama na san da haka, ni na ja shi da safe.

Anti ta sa sakata. Ta shimfiɗa katifata a gaban gado, ta jera matasan kai a gefe. Ta durƙusa ta sa wa Umma takalma. Sannan ta je bayan durowar kaya ta jawo wani ƙarfe mai ƙafa huɗu, tsawonsa zuwa ƙugu, an naɗe mariƙinsa da roba. Ko daga nesa na gane waldar Yaya, shi ba ya goge bakin haɗi. Ta ajiye shi gaban Umma, ta koma bayan kujera ta riƙe kujerar kawai. Ba ta taɓa Umma ba.

Umma ta jawo ƙafarta ta dama da hannun hagu ta sauke ƙasa. Ta ɗauki hannunta mara lafiya ta ɗora kan ƙarfen kamar mai ajiye kayan wani. Ta yi gaba, ta yi baya, ta yunƙura, ta taso rabi, ta koma daɓas kan gado. Ta huta. Ta sake. Ta koma. Ta ce wa Anti, "Sake," kamar Antin ce ta kasa.

A yunƙuri na gaba ta miƙe.

Uwata a tsaye, ba hannun kowa a jikinta. Na manta doguwa ce. Tun bara saman kanta nake gani.

Ta ja ƙarfen, ya karci siminti, ta fara juyawa wajen kujera. Sai gwiwar dama ta lanƙwashe. Ta tafi gefe guda, ta zube kan katifa, dim.

Ban san na yi ihu ba sai da na ji muryata. Na zagayo da gudu, na hau dukan ƙofa, Anti ta zare sakata, na bangaje ta na yi kan Umma, hannuwana har sun kai ƙugunta.

"Kar ki!"

Tun da ta kwanta ban ji magana ta fito mata garau haka ba. Na daskare.

Tana kwance a ƙasa, kumatunta a jikin katifa, tana haki, ta ce, "Hannu. Baya."

Na mayar da hannuwana baya na riƙe ɗaya da ɗaya. Na tsaya ina kallon uwata tana mirginawa ta ɓarin lafiya, tana jan jiki zuwa gado, tana kafa gwiwar hagu, tana kama bakin katifa, tana zamewa, tana sake kamawa. Farcena ya shige cikin fatar hannuna. Duk abin da ke jikina cewa yake ɗauke ta, ɗagawa ɗaya ce, kin iya. Ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan tsayuwar ba.

Ta hau gadon. Ta zauna har numfashinta ya dawo. Ta kama ƙarfen ta sake miƙewa, ta ja, ta juya, ta ja, ta juya, ta saki jiki cikin kujera. Kujerar ta yi ƙara, Anti ta riƙe ta gam. Umma ta ɗago ta dube ni, gumi na ɗiga daga haɓarta, rabin bakinta na dariya.

Ni kuwa na zauna a ƙasa.

Anti ce ta yi bayani, tana tsaye bayan kujerar. Ta ce tun ranar da na fara koya mata Umma ta yanke shawara. Sun kira mai gashin ƙashin da ke duba ta a asibiti, ta zo ina kemis, ita ta nuna wa Umma yadda za ta tashi, da yadda za ta yi in ta faɗi, ita ta kwatanta wa Yaya ƙarfen, ranar da na gan shi yana awo kuwa tsawonsa ya zo gyarawa. "Ni ba zan iya ɗaga ta ba, Auta. Ba yanzu ba, ba nan kusa ba."

Na ce, "Bayan naki?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Umma ta nuna cikin Anti da haɓa, ta dube ni, ta girgiza kai. "Likita," in ji ta. "Ba ido."

Tofar da yawu, toshe hanci, ciwon baya. Mata nawa na miƙa wa maganin ƙarin jini a kemis ina yi musu barka tun kafin su faɗa? Na so ƙasa ta tsage in shige.

Na ce, "To me ya sa ba ku gaya mini ba? Me ya sa kuka bar ni ina ta haukata ni kaɗai?"

Anti ta ce, "Ita ta sa muka rantse. Ta ce ke ko numfashi ta ja da ƙarfi hannunki ya riga ya iso. Ta ce ba za ki taɓa barinta ta gwada ba, kuma in kika ga faɗuwa ɗaya kin fasa makarantar nan. So take sai ta iya ta nuna miki."

Gaskiyarta. Ai tabon kawai na gani na fasa.

Na ja gwiwa zuwa wurin Anti na kama ƙafarta. Na ce ta yafe mini, na faɗa mata maganar da ba a faɗa wa maƙiyi. Ta ɗago ni tana share ido ta ce, "Ranar Asabar kam kin ƙona ni, ba zan ɓoye miki ba. Har gida ina kuka, Yayanki na tuƙi yana ba ni haƙuri. Na yafe. Amma wankin kayan jariri naki ne duk hutun da kika zo."

Umma ta bugi hannun kujera don mu saurare ta. Ta daɗe tana neman kalmomin, mu kuma muka jira.

"Ni ba kaya ba ce," ta ce. "A miƙa. Wannan. Wancan." Ta huta. "Ki tafi."

Na ce, "Umma, ba a ma kira ni ba tukuna. Wataƙila ba za a kira ni ba sam."

Ta ɗaga kafaɗarta mai lafiya. "Na tashi dai."

A nan ƙasa, jingine da ƙafar kujerarta, na ciro waya na shiga na tabbatar musu ina nan. Ina jin tsoro har yanzu. Tsoron a kira ni, da tsoron kar a kira ni, da tsoron ranar da za ta faɗi ba katifa. Na gaya mata haka. Ta ɗora hannu a kaina ta ce ita ma, sannan ta ce yunwa take ji.

Alhamis, da rana, a kemis

Da safe ni na shimfiɗa katifar da hannuna, na jera matasan, na jawo ƙarfen daga bayan durowa na ce daga yau ya zauna a fili. Na ce kuma a bar sakata. Umma ta ce to, amma sai na fita za ta fara.

Na kai ƙofar gida na ji dim.

Ƙafata ta juya da kanta, har na yi taku biyu. Na kama ƙyauren da hannu bibbiyu na tsaya. Ba motsi. Na ji Anti na cewa, "Sannu, Umma, sannu." Na ƙara damƙe ƙyauren.

Can na ji muryar Umma, a shaƙe, cike da haushi: "Sake."

Na ja ƙofar na rufe, na kama hanya. Hawaye bai tsaya ba har na iso, mai kemis ya dube ni ya ce ko an fitar da sunaye ne babu ni. Na ce a'a, Ummata ce ta faɗi. Ya ce subhanallahi, to me nake yi a nan? Na ce masa za ta tashi, na karɓi tsumma na fara goge kanta.